Shagon kwalliyar da na raka ƙawata a Haidarabad: sun iya aiki, amma maganar hasken fata ta ɓata min rai

Tun watan jiya nake son na rubuta wannan sai nake ta ɗagawa, don duk sanda na tuna abin sai raina ya sake ɓaci. Shekara ta biyu kenan a Haidarabad ina karatu, a Tolichowki nake zaune, kuma 'yan uwa mata da suke zuwa nan ko karatu ko jinyar wani nasu suna yawan tambayata ina ake gyaran gira, ina ake lalle mai kyau, ina za a je a wanke kai ba a tsinke maka gashi ba. To ga wani shagon kwalliya na mata zalla da ke wajen Mehdipatnam, a hawa na biyu saman wani kantin yadi, ba zan faɗi sunansa ba. Na je sau huɗu, uku ni kaɗai, ɗaya kuma na raka ƙawata gyaran amarci, kuma wannan zuwan na huɗu shi ne ya sa ni rubutun nan.

Bari na fara da abin da suka iya don kada na zalunce su. Wajen a tsaftace yake wallahi, tawul kowa da nasa, kuma a gabanka za su buɗe sabon zare. Gyaran gira da zare suke yi, ba reza ba tsinke, yarinyar za ta ciji bakin zaren da haƙori ta murɗa shi a yatsunta, kafin minti biyar ta gama, rupi 60 kacal. Akwai zafi kam, zuwan farko sai da na yi hawaye, amma ban taɓa ganin girata ta fito haka ba. Tausar kai da man kwakwa mai ɗumi ita ma ba a magana, rupi 400 na biya, ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Gashinmu ne dai ba su san kansa ba, kada ki yarda su sa miki ƙaramin matajinsu, ki tafi da naki mai manyan haƙora ki taje da kanki. Lalle kuwa, mehendi suke ce masa, nan ne na sara musu. Ba irin namu na salatif ba ne, ba kuma baƙin nan mai rani da sajan ba, jan lalle ne zalla a cikin 'yar leda mai tsini, suna zana shi siriri kamar da biro, ɗawisu da furanni da ganye har gwiwar hannu, idan ya fara bushewa su ɗiga ruwan lemun tsami da sukari. Kwana biyu da yi ya nuna ya yi jajir har ya ɗan yi duhu, ya kuma kai min sati biyu.

Tun zuwana na farko na lura da allon farashinsu amma ban sa abin a raina ba. Kusan rabin abin da ke jiki na ƙara haske ne. Akwai wanda suke kira di-tan, wai cire ƙunar rana, akwai bilicin fuska, bilicin wuya, bilicin hannu, har na bayan gaba ɗaya, sai fesiyal, wato gyaran fuska, iri-iri wannan na zinare wancan na lu'ulu'u, kowanne ƙarshen bayaninsa ɗaya ne, za ki yi haske. Ni ba su taɓa tallata min ba, ina jin sun ga baƙina ya wuce inda za su yi alkawari, kuma ni baƙuwa ce, suna dai taɓa gashina suna tambaya. Ashe nasu suke yi wa.

Ƙawar tawa 'yar ajinmu ce, 'yar ƙabilar Telugu daga wani gari kusa da Warangal. Baƙa ce kamar ni, ko ta ɗan fi ni haske kaɗan, irin wankan tarwaɗa mai duhu, fatarta sumul babu tabo ko ɗaya, ga gashi har gadon baya ga manyan idanu, yarinyar da ita ce take ja mana darasi idan jarrabawa ta matso. Da aka sa bikinta ta ce na raka ta mu ji farashin gyaran amarya, ni ce ma na ce mu je shagon nan tunda na san hannunsu. Wannan shi yake damuna har yau, ni na kai ta.

Muna shiga mai shagon, wata babbar mace da kowa ke ce wa anti, ta taso da fara'a. Da ta ji amarya ce sai ta kamo haɓar ƙawata ta juya fuskarta wajen taga, ta duba nan ta duba can, ta ce da Hindi, beti, hancinki da idonki masu kyau ne, amma rang thoda kam hai. Ma'ana wai launinki ya yi kaɗan. Haka suke faɗa, ba a cewa baƙa ce, sai a ce launinta bai kai ba, kamar wani mudu ne da ba a cika ba. Da Telugu ma haka ne, rangu takkuva. Fara kuma sai su ce rang saaf hai, wato launinta mai tsafta ne. Ki tsaya ki yi tunanin wannan kalmar da kyau, idan fari shi ne tsafta to baƙi mene ne kenan. Daga nan ta tambayi saura kwana nawa biki, aka ce arba'in, ta ce ai da lokaci, ta ɗauko wani kati mai layin launuka tun daga fari tas har zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ta kara a kuncin yarinyar nan ta ce yanzu kina nan, idan kika yi zama shida za mu kawo ki nan, ta matsa da yatsa gida biyu. Rupi dubu 18. Sannan ta ƙara da abin da ya fi ƙona min rai, ta ce ango fari ne? Ƙawata ta ce eh ya fi ni haske. Ta ce to kin gani, dangin miji za su kalli hoto.

Na buɗe baki zan yi magana ƙawata ta matse min hannu. Ita ko a jikinta, wai, murmushi ma take yi. Sai da muka fito muka hau keke napep ɗinsu, oto suke ce masa, muna cikin cunkoson Mehdipatnam ta fara ba ni labari ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce kin ga wannan ba komai ba ne, tun ina 'yar shekara shida kakata take goge ni da garin wake da kurkum da madara duk Lahadi har fatata ta yi zafi, ba a barina wasa a rana amma ƙanena yana fita, ba a saya min kaya ja ko ruwan hoda wai ba za su karɓe ni ba. Ta ce lokacin da mamarta take da cikin ƙanwarta madara da za'afaran aka dinga ba ta don jaririyar ta fito fara, kada a maimaita. Kada a maimaita fa, haka ta ji ana faɗa a gabanta. Ta ce gida uku suka zo ganinta kafin wannan, ta kawo musu shayi ta zauna suka kalle ta suka tafi, biyu daga ciki suka aiko cewa komai ya yi sai dai launi, ɗaya kuma suka ce za su yarda idan an ƙara abin da za a ba su. Don ku gane, a can dangin mace ne suke ba wa dangin miji dukiya, kuɗi ko zinare ko mota, duk da cewa doka ta hana tun 1961 ana nan ana yi, kuma inji ta idan yarinya baƙa ce sai farashin ya hau.

Ni da na taso ina kallon finafinan Indiya a Kano na ɗauka duk Indiyawa farare ne masu dogon hanci, sai da na sauka na ga ashe mafi yawan mutanen da zan gani a titi, a kasuwa, a aji, launinsu daga wankan tarwaɗa ne zuwa baƙi, musamman nan kudu. Waɗanda muke gani a fim zaɓo su ake yi. Ko finafinan kudu na Telugu da Tamil, jarumin zai iya zama baƙi amma jarumar sau da yawa daga arewa ake ɗauko ta fara sol, wata ko yaren ba ta ji sai dai a ɗora mata muryar wata.

Kuma abin kasuwa ce babba, ba wai anti mai shago ce ta ƙirƙiro shi ba. A kan kantarta akwai man nan Glow & Lovely a jere, wanda duk wanda ya san Indiya ya san da sunansa Fair & Lovely. Kamfanin Hindustan Lever ne ya fito da shi a 1975, kuma shekara da shekaru tallansa kusan labari ɗaya ne, yarinya baƙa ta rasa aiki ko miji, ta shafa mai, fuskarta ta yi haske a hotuna jere, sai komai ya buɗe mata. A 2005 kamfanin Emami ya fito da na maza, Fair and Handsome, kuma Shah Rukh Khan da muke so ɗin nan ya yi shekaru yana tallarsa. Ba a yi shiru ba dai. A 2009 wata ƙungiyar mata a Chennai, Women of Worth, ta fara kamfen mai suna Dark is Beautiful, wato baƙi kyau ne, a 2013 jaruma Nandita Das ta shiga ciki, ita da ta sha faɗin yadda masu kwalliya a wajen ɗaukar fim suke son ƙara mata haske idan za ta fito a matsayin mace mai ilimi ko mai kuɗi. A 2014 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida cewa kada talla ta nuna baƙar fata a matsayin wadda ta rasa aure ko aiki saboda launinta. Sai a 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka da zanga-zangar da ta biyo baya, kamfanin ya cire kalmar fari daga sunan man ya koma Glow & Lovely. A shekarar ne kuma shafin haɗa aure na Shaadi.com ya cire wajen da ake tace mutane da launin fata bayan an yi musu ca a intanet, Johnson & Johnson su ma suka ce sun daina sayar da wasu mayukansu na haske. An ruwaito jaruma Sai Pallavi ta ƙi karɓar tallar man haske ta rupi miliyan 20. Duk an yi wannan, amma ga shi a shagon da na je katin launi yana nan a aljihun tebur, kuma idan ka buɗe shafin neman aure na jaridun Lahadi har yanzu za ka ga ana neman yarinya fara, doguwa, siririya, wadda ba fara ba kuma iyayenta su rubuta launin alkama don kada su ce baƙa.

Abu ɗaya da ba zan manta ba, mu 'yan Najeriya ya shafe mu kai tsaye. A watan Maris na 2017 aka far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi, aka yi musu duka har cikin wani babban kanti, bidiyon ya zagaya duniya. Da aka gayyaci wani tsohon ɗan majalisa, Tarun Vijay, a tashar Al Jazeera don ya kare ƙasarsa, sai ya ce in da su masu wariya ne ai da ba za su zauna da mutanen kudu ba, Tamil Nadu da Kerala da Karnataka da Andhra, ai suna da baƙaƙe a tare da su. Daga baya ya nemi afuwa. Amma ka ga a ƙoƙarin wanke kansa daga wariyar baƙi sai ya fito da wadda suke yi wa junansu, kamar 'yan kudu wasu baƙi ne da ake haƙuri da su a ƙasarsu. Kuma muƙami ba ya kare mutum. A watan Maris na 2025 Sarada Muraleedharan, wadda ita ce babbar sakatariyar gwamnatin jihar Kerala a lokacin, kujerar da ta karɓa daga hannun mijinta, ta rubuta a Facebook cewa wani ya kwatanta aikinta da na mijin ya ce nata baƙi ne kamar yadda nasa yake fari. Ta ce tana 'yar shekara huɗu ta roƙi mahaifiyarta ta mayar da ita ciki ta sake haifo ta fara kyakkyawa. Da na karanta wa ƙawata wannan shiru ta yi, can ta ce ita addu'a take yi da dare tana ƙarama ta tashi da safe ta ga ta canza.

Na san wata za ta ce to mu fa. Gaskiya ne, ban zo nan don na nuna mu tsarkaka ba ne. Mu ne masu cewa farar mace alkyabbar mata, mu ne ake haɗa wa amarya mai a kwalba babu suna babu komai a ce na gyaran jiki ne, sati uku ta fito fuska fari gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, dilka da halawa da asalinsu gyaran fata ne da laushi yanzu wasu sun cusa musu sinadarin bilicin. Shi ya sa ma abin ya taɓa ni sosai, na ji kamar a gida nake. Bambancin da na gani kawai shi ne a Indiya abin ya haɗe da batun asali da matsayin dangin da aka haifi mutum a ciki, da arewa da kudu, da kuma dukiyar aure, har ya zama uwa tana kallon jaririyarta ranar haihuwa tana lissafin abin da launinta zai ci musu nan da shekara ashirin.

Sai maganar lafiya, don wannan ma dole na faɗa tunda shago nake yi wa bita. Da na tambayi anti me ke cikin man da za ta ba ƙawata ta tafi da shi gida tana shafawa da dare, sai ta ɗauko wani ɗan farin gwangwani babu rubutu ko ɗaya a jiki ta ce haɗinta ne na musamman, na itatuwa ne. Na ce wane itace, ta yi dariya ta ce sirrin sana'a ne madam. Don Allah duk wadda aka miƙo mata irin wannan, a Indiya ne ko a Kano, ta ajiye. Ban ce ga abin da ke cikin nata ba don ban kai shi gwaji ba, amma likitocin fata a Indiya sun daɗe suna kuka da mayukan da ake zuba wa sitiroyid, irin wanda ke sa fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, kuraje su feso, idan ka daina kuma fuskar ta rikice. A 2024 wasu likitoci a Kerala suka wallafa bincike kan masu wani ciwon ƙoda su 22, a cikinsu 15 suna da wani nau'i na ciwon, kuma 13 daga cikin 15 ɗin sun amsa cewa suna shafa man haske kafin ciwon ya fara, aka danganta abin da sinadarin makuri, wato zaiba, da ke cikin mayukan. Ƙoda fa, saboda gida biyu a jikin kati.

Ƙawata ba ta yi zama shidan ba, amma ba don ni ba, kuɗin ne ya yi mata yawa. Ta yi biyu saboda mamarta ta matsa, di-tan da fesiyal ɗaya, gwangwanin kuma na roƙe ta ta bar shi a shagon ta bari. Ranar biki su ne suka zo har gida suka yi mata kwalliya. Lallen ya yi kyau ƙwarai, gashin da suka kitse da furannin yasmin har ƙugu ya yi kyau, ɗaurin sari ɗin ba a magana. Fuskar ce. Sun ɗora mata hodar da ta fi fatarta haske nesa ba kusa ba, ta yi toka-toka, wuya daban kunne daban, da zafin wutar da ake zagayawa da fitilun masu hoto sai gumi ya fara tsaga hodar a gefen hancinta. Na ce da yarinyar da ke kwalliyar, akka, wato yaya, ba ku da hoda kalar jikinta ne? Ta buɗe akwatin ta nuna min, kala biyar ne a ciki duk na farare, ta ce madam babu amaryar da ke tambayar mai duhu. Ita kanta yarinyar baƙa ce, ta fi ƙawata duhu, kuma ta shafa irin hodar a tata fuskar.

Ina da hodata a jaka, wadda na taho da ita daga gida don a nan samun kalata sai an sha wuya. Tsakanin ɗaurin aure da liyafar dare muka shige ɗaki muka kulle, ta wanke fuskar tas, na shafa mata tawa, ta ɗan yi mata duhu kaɗan sai muka haɗa da tasu har ta zauna. Ta daɗe tana kallon madubi. Wata gwaggonta da ta gan ta a wajen liyafa ta ce me ya faru kika dushe, ƙawata ta ce ba komai atta, zafi ne.

To ga hukuncina ga mai son zuwa. Gira, lalle, tausar kai, ku je, kuɗinsu daidai ne kuma hannunsu na da kyau, ku kama gurbi tun da wuri idan lokacin bukukuwa ne don wajen cika yake. Kwalliyar fuska idan ke baƙa ce kada ki yarda sai kin tafi da hodarki, ki kuma ce a gwada a muƙamuƙinki a gaban taga kafin a fara. Duk abin da aka ce di-tan ne ko bilic ko haɗin gida, ki ce a'a tun a bakin ƙofa, kada ki tsaya jin bayani don sun iya baki. Idan kuma da ƙaramar yarinya za ki je, ni dai ba zan kai tawa ba, don ranar da muka je akwai wata 'yar kamar shekara takwas a zaune a benci tana jiran mamarta, kuma duk abin da aka faɗa wa ƙawata da katin da aka kara mata a kunci a kan idonta aka yi.

Ni kaina ban koma ba tun bikin. Girata ta cika, ƙawata ta ce akwai wata mata a layinsu da take yi a gida, ranar Asabar za mu je.